Godiyar Yaya Arzika

Shekarar da aka cire tallafin man fetur, wadda janareto ya koma abin kallo a shagunan Tambuwal, ita ce shekarar da wani kamfanin gem, wato wasan kwamfuta, ya fara amsa mini saƙo. Na tuno ta ne saboda samarin da ke zama a bencina suna cewa, "Baba Haliru, koya muna yadda aka samun gem kyauta." A ganinsu mutum zai buɗe shafi, ya ɗora bidiyo biyu, ya rubuta wa Turawa, su aiko masa da gem kamar goron suna. To, ku gyara zama.

Ni ba da bidiyo na fara ba. Da gyaran rediyo na fara, a Sakkwato, wurin maigidana Isiya. Hannun gem na farko da na taɓa buɗewa wani direban bas ne ya kawo shi, ya ce maɓallin bugun ƙwallo ya daina ji. Isiya ya turo mini shi da ƙafa, ya ce in duba. Na kwance kusoshin na jera su a marfin gwangwani, na tarar robar da ke ƙarƙashin maɓallin ta cinye, ga dauɗar gumi ta daskare a kan allon. Na goge da auduga da sifirit, na shafa bakin fensir a wurin, na mayar. Ya yi aiki. Isiya bai yaba ba. Cewa ya yi na bar kusa ɗaya a marfin gwangwani, in sake kwancewa. Haka na koyi aiki a hannunsa, kuma har yau ba na rufe abu sai na leƙa marfin.

Da na dawo gida na kama shago kusa da tasha. Talabijin uku, na'urar gem uku, benci biyu, janareto ɗaya. Masu zuwa yawanci 'yan kabu-kabu ne da ke jiran fasinja, sai malaman makaranta in wata ya yi. Gem ɗin ƙwallo suke bugawa, kuma rabin aikina rabon faɗa ne. Wanda aka ci ba ya taɓa yarda an fi shi, kullum hannun gem ne ya lalace. A lokacin ban iya karatu ba. Na haddace inda kowane rubutu yake a allo, na uku daga sama shi ne farawa, na ƙarshe shi ne fita. Amma da gem masu labari suka fara shigowa, sai a juyo a tambaye ni me mutumin nan ya ce, in ce ban sani ba. Wannan ya kai ni ajin yaƙi da jahilci na bayan la'asar, da furfura a gemuna, wurin Malam Nasiru. Shi ya koya mini karatu da rubutun Hausa, daga baya ya ɗan ɗora ni a kan Turanci.

Bidiyona na farko da waya na ɗauke shi, na ɗaure ta da robar tayar babur a jikin ƙarfen fanka tana kallon talabijin. Ina bugawa ina bayani da Hausarmu. Ƙarar janareto ta fi muryata fitowa. Sai na ƙara waya mai tsawo na kai janareton bayan shagon mai faci. Daga baya na sayi tsohuwar kwamfuta da makirufo, na sa wa makirufon safa saboda iska. Ɗora bidiyo kuwa aiki ne mai zaman kansa. Akan kai rabi sabis ya ɗauke, a koma farko, data ta tafi. Akwai wata bishiyar dogon yaro a bakin titin Sakkwato inda sabis ya fi ƙarfi, nan nake zama da kwamfuta a cinya har mutane suka ɗauka rajistar wani tallafi nake yi, suna kawo mini sunayensu.

Masu kallona ba su da yawa. Da za a tara su ba za su cika filin idi ba. Amma suna kallo har ƙarshe, suna kuma yin magana.

Wani mai irin sana'ata a Kaduna ne ya gaya mini cewa kamfanoni suna ba masu bidiyo gem tun kafin ya fito kasuwa, don su gwada su faɗa wa mutane ra'ayinsu. Ba faifai ake aikowa ba, lamba ce, ka shigar da ita gem ya sauka a kwamfutarka. Na zauna na rubuta wa manyan kamfanonin da duniya ta sani. Na fara da gaisuwa mai tsawo, na ce ni talaka ne mai iyali, su taimake ni don girman Allah. Na kai wa Malam Nasiru ya mayar mini da shi Turanci. Ya karanta ya cire tabarau.

"Haliru, wanga ai bara ce. Su mutanen nan ba zakka suka fitarwa ba. Kasuwa ce. Mi za ka ba su?"

"Malam, mi gare ni?"

"Kai za ka gaya min. Ni ko hannun gem ban iya riƙewa ba."

Duk da haka na aika. Ba wanda ya amsa. Na ci gaba da aikawa har damina biyu ta wuce, kuma a cikin wannan jira ne na gane yadda abin yake. Babban kamfani ba ya ganinka. Ƙanana ake nema, masu mutum biyar ko goma, waɗanda su ma suke neman wanda zai kalle su. Ba a dogon surutu. Ka faɗi ko kai wane ne, ka sa hanyar shafinka, ka faɗi yawan masu kallonka ba ƙari, domin za su duba. Ka faɗi abin da ya sa wannan gem ɗin kake so ba wani ba. In an yi shiru ka bari, kada ka bi mutum kullum kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya. In kuwa wani ne ya fara rubuto maka yana zumuɗi, ya ce ka sauke wani abu ka buɗe, to ɓarawo ne. Da haka aka ƙwace shafin abokin nan nawa na Kaduna, aikin shekaru, tsakanin azahar da la'asar.

A shekarar tsadar man, shago ya mutu. 'Yan kabu-kabu da kansu suna neman abin zubawa a tanki, wa zai zo buga ƙwallo? Na kashe talabijin biyu na lulluɓe su da zane. Nakan kunna janareto ne kawai in mutum huɗu sun taru. Abin da ya rage mini mai motsi shafin nan ne.

Bayan girbi na ga tallan wani gem na noma da wani ƙaramin kamfani ke shirin fitarwa. Gonar ƙasar rani ce, da gero da awaki da rijiya. Na rubuta musu layi kaɗan. Na ce masu kallona manoma ne da 'ya'yan manoma, geron da suka zana shi muke ci, kuma ba wanda zai yi bayanin gem ɗinsu da harshenmu in ba ni ba. Malam Nasiru ya gyara Turancin, bai cire tabarau ba wannan karon.

Wata mata ce ta amsa, ita ke kula da hulɗarsu da masu bidiyo. Ta aiko da lamba. Ta ce in bidiyon ya yi kyau za su sa shi a shafinsu, kuma za ta ba da sunana ga wani ofishi da ke raba wa masu bidiyo gem na ƙananan kamfanoni da yawa. Wannan ofishin shi ne ƙofar. Wanda sunansa ya shiga can ya daina roƙo. Sharaɗinsu ɗaya ne: kada ko hoto ɗaya na gem ɗin ya fita kafin ranar da suka sa. Na sake rubuta mata na ce ina da wa, manomi, ina so ya zauna kusa da ni ya faɗi ko noman nasu ya yi kama da noma. Ta ce wannan ya fi komai daɗi, a kawo shi, amma shi ma sharaɗin ya hau kansa.

Da gem ya sauka na buɗe, sai na ga sunana da na shafina a kusurwar allo, rubutu siriri mai haske, ko'ina ka shiga yana nan. Na tambayi Malam Nasiru. Ya ce shaida ce, kamar yadda ake yi wa saniya a kunne. In hoto ya fita, sun san ta hannun wa ya fita.

Yaya Arzika shi ne babba a gidanmu, shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Yana Fakku, can ƙasar Kebbe, yana noman gero da damina, albasa da rani. Bai taɓa ɗaukar sana'ata a bakin komai ba, wasan yara yake kiranta. Ya zo ranar kasuwa a bayan babur ɗin maƙwabcinsa Lawali, ma'aikacin asibiti a Kebbe, wanda yake da tasa hidimar a gari. Lawali ya zauna wurin mai shayi, ni da Yaya muka shiga na rufe ƙofa. Na yi masa bayanin sharaɗin sau biyu.

"Yaya, kada mutane su gani sai ranar da sunka ce."

"Na jiya. Ni yaro ne? Kunna mu gani."

Na shuka gero a allo, na ba shi ruwa, kafin Yaya ya gama gyara hularsa geron ya yi kai. Yaya ya dafe gwiwa.

"Subhanallahi! Ina firi? Ina maimai? Wanga gero ko na aljanna! Kai, tsaya. Akuyar can mi taka yi bakin gona ba ta ci? Wace irin akuya ce mai tsoron Allah haka?"

Na yi dariya har makirufo ya faɗi. Ya tambayi inda ƙuduji yake, ya tambayi inda tsuntsayen jan-baki suke. Ya ce rumbun da suka gina a ƙasa ba duwatsu, gara za ta gama da shi kafin sallah. Amma da ya ga rijiyar, da yadda ruwa ke ja baya in rani ya yi nisa, sai ya gyaɗa kai. Ya ce, "Wanda yay yi wanga ya taɓa jin ƙishirwa." Ya karɓi hannun gem da yatsunsa masu kaushi ya kora awaki da kansa, ya kai su cikin gonar maƙwabci, ya ce to yanzu abin ya fara kama da gaskiya.

Can ya matso da fuskarsa jikin allo ya nuna kusurwa. "Wanga rubutu fa?"

"Sunana ne, Yaya."

"Sunanka? Su sunka rubuta?"

"Su ne."

Ya daɗe yana kallon wurin. Bai iya karatu ba, amma ya sa na nuna masa inda Haliru ya fara da inda ya ƙare.

Muna tsakiyar aiki mai ya ƙare a janareto. Kwamfutar tana da batirinta, don haka na bar gem a buɗe na ɗauki galan na tafi wurin 'yan bumburutu. Na dawo na tarar da Yaya zaune inda na bar shi, Lawali yana wurin shayinsa. Muka ƙarasa. Da la'asar suka hau babur suka koma.

Bidiyo huɗu na fitar daga zaman nan. Ban taɓa yin aiki irinsa ba. Na yanke, na daidaita murya, Malam Nasiru ya taya ni sa fassarar Turanci a ƙasa don matar ta ji abin da Yaya ya ce game da akuyarsu. Na ajiye su ina jiran rana.

Saura kusan mako guda, da hantsi, na buɗe kwamfuta don in ƙara duba wani wuri. Gem babu. Wurin da hotonsa yake ya zama fili. Na kashe na kunna. Na duba sabis. Sai na ga saƙon matar. Gajere ne, har ban nemi Malam Nasiru ba. Ta ce an janye lambata. Ta ce a da sun yarda da ni. Ta sa wata hanya ta ce in duba.

Na danna. Shafin kamfanin ne, wurin da kowa a duniya ke iya rubutu kowa ya gani. Ga Yaya Arzika tsaye a cikin shagona, ya gyara babbar rigarsa, ga gem ɗin a bayansa tar. Yana magana da muryar da yake yi wa hakimi magana. Ya ce shi ne wan Haliru, a madadin gidansu da dangi na Fakku da na Tambuwal yana godiya, Allah ya saka, Allah ya ƙara kasuwa. Sannan ya ce wa mai riƙe da wayar ya matso. Hoton ya matsa har kusurwar allo, yatsan Yaya a ƙarƙashin sunana. "Ga shi nan. Ku duba. Sunan ƙanena." Daga nan ya zauna ya kora awaki, ya buɗe taswirar gem ɗin gaba ɗaya, wadda kamfanin bai taɓa nuna wa kowa ba. A ƙasa an rubuta godiyar da Turanci mai kyau.

Kamfanin ya goge, amma kafin nan wasu sun kwafe. Na gan shi a wurare uku kafin azahar. Mai faci ya leƙo ya ce, "Haliru, rasuwa anka yi?"

Na ari babur na kama hanyar Kebbe. Duk ramukan hanyar nan ban ji ko ɗaya ba. Na sami Yaya a fadama yana cire albasa. Da ya hango ni sai ya washe baki, ya share hannu a riga.

"Sun gani ko? Na ce ma Lawali za su gani!"

Na durƙusa na gaishe shi yadda aka saba. Sannan na ce, "Yaya, ba mun yi da kai kada mutane su gani ba?"

"Wane mutane? Masu abin na nuna ma abinsu. Su ba su san gem ɗinsu ba?"

"Inda Lawali ya sa, duniya duka ke gani."

"To ai ya fi. Godiya a ɓoye godiya ce? Haliru, an yi ma ƙanena kyauta daga wata ƙasa, har an rubuta sunanshi, in yi shiru awa wanda ba a haifa cikin mutane ba? Kai yaro ne, naka karɓa. Godiya tawa ce. In baba na da rai shi za ya yi. Mi za su ɗauke mu?"

Haka ne kuwa a wurinmu. In aka yi wa mutum alheri, yakan kai wa manyansa ya ce ku taya ni godiya, su kuma su taka har gidan mai kyautar. Wanda bai yi haka ba an san gidan da ya fito. Ni na san wannan tun ina yaro. Ban taɓa kawo shi kusa da sharaɗin matar nan a raina ba, shi kuma Yaya bai taɓa kawo sharaɗin kusa da godiya ba. Lawali kuwa ba wanda ya gaya masa akwai wani sharaɗi. Dattijo ya kira shi ya ce riƙe mini waya, ya riƙe, ya ce aika musu, ya nemo shafinsu ya ɗora.

Yaya ya ja ni gindin wata bishiya ya nuna mini rabin buhun albasa, zaɓaɓɓiya, an ɗinke bakinsa. "Wagga tasu ce. Ka san yadda za ka aika musu."

Na ce, "Yaya, sun karɓe gem ɗin."

"Sun mi?"

"Sun janye. Sun ce na saɓa alkawari."

Ya tsaya da igiyar buhun a hannu. "Kyautar sunka karɓe? Don an gode musu?"

"Ba kyauta ba ce, Yaya. Amana ce."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko shekarar da ruwa ya cinye masa gona. Ya zauna a kan kunya, ya cire hula ya riƙe. Ya ce, "Amana. Ni na ci amana da sunanka." Ya ce a kira Lawali ya sake ɗaukarsa ya ba su haƙuri. Na ce a'a, Yaya, don Allah kada a sake ɗaukar komai.

Ni da Malam Nasiru muka rubuta wa matar. Na yi mata bayanin al'adarmu yadda na iya, ban ɗora wa kowa laifi ba. Ta amsa da mutunci. Ta ce ta kalli bidiyon Yaya, ta gane ba mugunta ba ce, har wani a ofishinsu ya ce ba a taɓa gode musu haka ba. Amma taswirar nan ita suka ɓoye don ranar fitowa, sun yi wa wata jarida alkawarin ita za ta fara nunawa, yanzu wannan ya rushe. Ba za ta iya ba da sunana ga ofishin nan ba, domin za a tambaye ta, kuma ba za ta yi ƙarya ba. Ta roƙi in goge duk abin da na ɗauka daga wannan kwafin. Na goge, Malam Nasiru yana zaune yana kallo.

Da gem ya fito kasuwa na saya kamar kowa. Na je Fakku na roƙi Yaya ya zo mu sake zama. Ya ce shi da gaban kyamara har abada. Na yi bidiyon ni kaɗai, na maimaita maganar akuya da bakina, ba ta yi daɗi ba.

Har yanzu ina rubuta wa kamfanoni. Wasu ƙanana biyu sun ba ni tun daga lokacin, bayan gem ya riga ya fito. In abin da ba a so a gani yana kwamfutata, ko fitsari zan fita sai na kashe ta na sa kwaɗo a ƙofa. Kuma duk wanda zan yi wa bayanin sharaɗi, nakan ƙara masa da cewa ko godiya ba a yi sai ranar.

Ga abin da ya tafi a shekarar nan. Gem ɗaya. Suna ɗaya a ofishin da ban sake samun hanyarsa ba. Bidiyo huɗu da mutum biyu kawai suka taɓa gani. Zama ɗaya da Yaya Arzika ya yi a shagona, wanda bai sake ba. Da rabin buhun albasa, da ya sa aka ɗora mini a babur duk da haka, ya ce ba tasa ba ce kuma. Ban san inda zan aika ta ba, ban kuma iya ci ba. A bayan shago ta ruɓe.